Shekarar 1789 a Ɗakinmu na Al Wukair

Lokacin da korona ta rufe Doha, mu uku ne a ɗaki. Gadaje huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, amma mai na huɗun ya tafi hutu gida ana saura 'yan kwanaki a tsayar da jirage, can kuma ya maƙale. Masaukin na kamfanin da ya kawo mu ne, a Al Wukair, can bayan Al Wakra. Ni mutumin Funtua ne, motar 'yan makaranta nake ja, to da aka rufe makarantu sai aka karɓi makullai aka ce mu zauna sai an neme mu. Na biyu ɗan Kumasi ne, mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, muna ce masa Ɗan Zango don a Zango, unguwar Hausawa, ya tashi. Na ukun shi ne babbanmu, dattijo ne daga Gusau, mai gadin ƙofar wata makaranta a Ain Khaled. Kowa Malam yake ce masa, har 'yan Nepal da ke ɗakin kusa da mu.

Na yi shekara guda ina kwana a saman gadonsa ban taɓa tambayar dalilin sunan ba. Na ɗauka don shi ke jan mu salla ne. Mutum ne mara yawan magana. Idan ya dawo aiki zai cire takalmin gadi, ya goge shi, ya ajiye ƙarƙashin gado, ya sha shayi, ya kira gida. Iyakar abin da na sani game da shi ke nan.

Satin farko na kulle barci muka yi ta yi. A na biyu muka fara gajiya da juna. An rufe masallatai, ladan yana kiran salla yana cewa kowa ya yi a gida. An rufe ɗakin talabijin na masauki, an rufe kicin ɗin da muke girki, sai abinci a roba sau uku a rana, shinkafa da miyar dal, wani irin wake na Indiyawa, da kubus, burodin nan nasu mai faɗi. Ɗan Zango ya kwance esin ɗakinmu ya wanke ya mayar har sau biyu, alhali lafiyarsa ƙalau.

Wata rana bayan la'asar Malam ya roƙe mu mu ɗan yi masa shiru, zai aika saƙon murya. Ya ce 'yarsa ta fari tana shekarar farko a kwalejin horar da malamai, tana karanta tarihi. Kafin a rufe makarantu malaminsu ya ba su aiki, kowa ya rubuto muhimman abubuwan da suka faru a shekarar 1789. Yanzu tana gida, ba laburare, littattafan uban kuma da ya bari a kwali gara ta cinye rabinsu. A nan ne muka ji cewa Malam ya daɗe yana koyar da tarihi a sakandare, har lokacin da aka daina ɗaukar darasin da muhimmanci aka mai da shi wani fannin, daga baya ya ajiye ya fito neman abin riƙe gida.

Ya zauna a gadon da ba kowa, ya jingina waya da kofin shayi, ya gyara hula kamar yarinyar tana ganinsa. Da ya buɗe baki sai na ji wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce mata kada ta fara da sarki, ta fara da ƙanƙara. A daminar da ta gabaci shekarar, ƙanƙara ta sauka a gonakin Faransa ta kwantar da alkama, sannan aka yi wani sanyi da har kogin da ya ratsa Faris ya daskare. Burodi ya yi tsada, kuma burodi shi ne tuwon mutanen. Baitulmalin sarki ya bushe saboda yaƙe-yaƙe, masu sarauta da manyan coci ba sa son a taɓa su, nauyin duka yana kan talaka. Ina kwance a sama ina duba waya, ban san lokacin da na kife ta a ƙirji ba.

Da ya gama ya tura, Ɗan Zango ya tambaye shi sai me ya faru. Malam ya ce sai gobe, yarinya ba za ta iya haɗiye shekara guda a zama ɗaya ba.

Haka muka samu abin yi. Kullum bayan la'asar Malam zai ɗauki wata ɗaya ko biyu na shekarar. Doka ita ce mu yi shiru har ya ɗaga yatsa daga wayar, amma ba a yi kwana uku ba dokar ta karye. Ranar da ya zo kan takardun koke ne. Ya ce kafin babban taron da sarki ya kira, an umarci kowane gari da ƙauye su rubuta abin da ke damunsu. Manoma suka rubuta harajin gishiri, suka rubuta zomayen masu sarauta da ke cinye musu shuka ba su da ikon kashewa, suka rubuta tattabarun gidan mai gari da ke sauka a gona da zarar an yi shuka. Ɗan Zango ya fashe da dariya a tsakiyar saƙon, ya ce shi ma a gidansu tattabarun maƙwabci sun hana mahaifiyarsa shanya wake. Malam ya harare shi, ya goge saƙon ya sake, sai dai sabon ma bai tsira daga dariyar Ɗan Zango da tambayoyinsa ba. Amma washegari 'yar ta aiko cewa don Allah a bar baffan nan mai dariya, tambayoyinsa su ne irin waɗanda take son yi.

Daga nan muka zama ɗalibai da izini. Hausar Ɗan Zango ta Kumasi ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa shi ne. Duk lokacin da aka ambaci matar sarki sai ya ce, "To Malam, matar sarkin, shi kuma me ya ce?" Malam ya gyara masa ya gaji, har ya zamana shi ma wani lokacin yana kuskurewa ya ce sarauniya ya fita.

Ni abin da ya fi zama mini a kai tafiye-tafiyen ne, ƙila don ni direba ne. A watan Mayu wakilai suka taru a fadar sarki da ke wajen birni, kaso uku: manyan coci, masu sarauta, sai wakilan sauran jama'a da aka sa su saka baƙaƙen kaya marasa ado. A watan Yuni waɗannan na ukun suka zo zauren taronsu da safe suka tarar an kulle, ga ruwa ana yi. Suka bi titi suna neman inda za su fake, suka samu wani ɗakin wasan tanis suka shiga, a nan suka rantse ba za su watse ba sai sun rubuta wa ƙasar kundin tsarin mulki. A ranar sha huɗu ga Yuli mutanen Faris suka afka wa kurkukun Bastil. Malam ya ce mu faɗi fursuna nawa muke zaton an samu a ciki. Na ce dubu. Ɗan Zango ya ce ya fi. Malam ya ce bakwai ne, kuma ba su ma aka je nema ba, albarushin da ke ajiye a ciki ake so. A watan Oktoba matan kasuwa suka tashi a ƙafa, cikin ruwan sama, suka nufi fada suna neman burodi, washegari suka taso sarki da iyalinsa gaba zuwa birni. Na tambayi nisan wurin. Malam ya ce in ƙiyasta daga ƙofar masaukinmu zuwa bakin teku na tsakiyar Doha. Na san hanyar nan kamar tafin hannuna, na daɗe ina kwatanta mata suna bin ta a ƙasa da jiƙaƙƙun kaya.

Malam bai tsaya a Faransa ba. Ya gaya wa 'yar ta rubuta cewa a watan Afrilun shekarar aka rantsar da shugaban Amurka na farko. A cikin watan kuma, can tsakiyar teku, ma'aikatan wani jirgin ruwan Ingila da ke ɗauke da dashen itatuwa suka yi wa kyaftin ɗinsu tawaye, suka saka shi a ƙaramin kwalekwale da 'yan mutanensa, kuma bai mutu ba, ya kai gaci. Ɗan Zango ya fi son wannan labarin, sai da ya sa aka maimaita masa.

Azumi ya kama muna cikin watan Agusta na Malam. Ranar ya karanto wa 'yar ma'anar sanarwar da wakilan suka fitar, cewa an haifi mutane da 'yanci kuma haƙƙinsu ɗaya. Ɗan Zango, wanda yawanci wasa ke kawo shi, ya tambaya a hankali ko har da baƙaƙen fata. Malam bai ɗaga yatsa daga wayar ba. Ya ce a'a, ba a sa da su ba. A lokacin da ake rubuta takardar, jiragen ƙasar suna ɗibar mutane daga gaɓar tekun su Ɗan Zango zuwa gonakin rake, kuma sai bayan shekara biyu bayin wani tsibiri suka tashi suka karɓi abin da takardar ta faɗa da hannunsu. Ya ƙara da cewa kada yarinyar ta ɗauka labarin daɗi ne zalla, domin 'yan shekaru bayan haka an sare kan sarkin da matarsa, an kashe mutane masu yawa, har da waɗanda suka fara tayar da maganar. Ranar mun yi buɗa-baki ba hira sosai.

Washegari ya ce yau gida za mu. A Futa Toro, bakin kogin Senegal, a shekarar nan almamin ƙasar ya rubuta wa Turawan bakin teku takarda yana gargaɗinsu a kan wucewa da bayi ta ƙasarsa. A ƙasar Hausa kuma, ko a shekarar ko a wadda ta gabace ta, don littattafai sun saɓa, Sarkin Gobir ya tara malamai a filin idi a Magami ya yi musu kyauta. Malamin nan na Degel da kowa ya sani ya ƙi karɓa, ya ce a maimakon kyautar a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji, kuma sarkin ya amsa. Malam ya ce wa 'yarsa idan ta rubuta Faris ta bar Magami, shi bai yarda ta gama aikin ba.

Ni ne na fara cewa, da wasa, mu ma fa muna da koke. Wata guda da rabi muna cin dal, ga azumi, bakin kowa ya gundura. A masaukin an fara gunaguni, wasu samari 'yan Kenya suna cewa a daina karɓar abincin gaba ɗaya a jibge shi a ƙofar ofis. Malam bai so wannan ba. Ya ce mutanen da suka zo neman abinci ƙasar wasu ba su da abin da za su ci a rigima, amma ba laifi ba ne a rubuta abin da ke damun mutum cikin ladabi a miƙa. Ya ce 'yan kowace ƙasa su fito da mutum ɗaya.

Muka sa taro bayan la'asar. Mun yi niyyar ɗakin talabijin, mun manta a kulle yake. Sai muka zagaya bayan gini, filin da 'yan Bangladesh ke buga wasan kurket, mu bakwai, kowa da takunkumi, tsakanin mutum da mutum taku biyu. Ɗan Zango ya dubi filin, ya dubi Malam, ya ce da Hausa, "Malam, an kulle mana zaure, ga mu a filin wasa. Saura rantsuwa."

Malam ya yi dariya har takunkuminsa ya zame. Ya ce, "Ka rufa mana asiri, kada kambos ya ji wannan."

Kambos shi ne mai kula da masaukin, wani dattijo Ba'indiye daga Kerala, mai ciwon suga, kullum da tarin makullai a ƙugu. Malam ya rubuta takardar da Turanci a takardar littafin gadi, da rubutunsa mai kyau na malaman da. Ba ta da tsawo. Ta fara da godiya cewa ba a bar mu da yunwa ba. Sannan ta roƙi a buɗe kicin bi da bi, kowane rukuni da ranarsa, mutum biyu kawai a ciki, su wanke wurin kafin su fita. 'Yan Nepal suka sa a ƙara maganar famfon bene na biyu. 'Yan Kenya suka ce a sa garin masara cikin kayan da mota ke kawowa. Duk muka sa hannu.

Ni da Malam muka kai. Ba a san yadda irin wannan ke ƙarewa ba. Kambos ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya sake komawa sama. Sai ya jawo robar abincinsa daga ƙarƙashin tebur ya buɗe mana. Shinkafa da dal ce, irin tamu. Ya ce likita ya hana shi farar shinkafa, amma shi ma ita yake ci tun da aka rufe kicin. Ya ce ba shi da ikon buɗewa, amma zai tura takardar sama yadda take, don ta fi wadda shi zai rubuta. Ya tambayi wanda ya tsara ta. Da na nuna Malam, sai kambos ya miƙe tsaye ya dafa ƙirji.

Kwana tara ba labari. 'Yan Kenya suka fara yi mana kallon mun ɓata musu lokaci. Ana saura kwana uku salla, da hantsi, muka ji ƙarar makullai a baranda, kambos yana tafe yana cewa khalas, khalas, wato shi ke nan, an yarda. Famfon ne kawai ba a gyara ba, har na bar masaukin yana ɗiga.

Da aka raba ranaku, 'yan Nepal da kansu suka ce a ba Musulmi ranar salla. Mun yi idi a ɗaki, mu uku, Malam a gaba. Sannan ni da Ɗan Zango muka shiga kicin. Ashe mahaifiyarsa shinkafa da wake take sayarwa a Zango, a gindin tukunya ya tashi. Ya fito da wani ƙullin karan dafi da ya ɓoye a akwati tun zuwansa, ya jefa a ruwan, shinkafar ta yi ja. Ni kuma na tuƙa tuwon semo. Miyar ita ce abin mamaki. A shagon da ke kawo mana kaya akwai wani ganye daskararre da Misirawa ke saye, suna ce masa mulukiya. Da muka narkar muka shinshina, na ce lalo ne, Ɗan Zango ya ce ayoyo ne, muka yi ta musu a kan abu ɗaya. Muka zuba wa kambos a kwano muka kai masa. Ya ci tuwon da cokali, yana ci yana girgiza kai, ya ce a ƙaro miya.

Malam ya kai 'yarsa har Disamba ya rufe shekarar. Makarantu sun daɗe ba su buɗe ba, sai da muka koma aiki da watanni kafin ta miƙa takardar. Ta ci da kyau, malamin nasu har ya tambaye ta littafin da ta duba. Abin da ba mu sani ba shi ne ta tura wa ƙawayenta saƙonnin, su ma suka tura gaba. Wata rana ƙanena ya aiko mini da saƙon murya daga Funtua, ya ce in saurari wani malami mai daɗin bayani da ke yawo a waya. Na kunna, sai ga muryar Ɗan Zango yana tambaya ko matar sarkin shi ma ya gudu.

Shekara biyu bayan haka aka zo Kofin Duniya. An ba makarantu hutu, mu direbobi aka mai da mu jigilar baƙi. A Al Wukair ɗin nan aka sauke dubban 'yan kallo a wasu sababbin gidaje, aikina in kwashe su zuwa tashar jirgin ƙasa ta Al Wakra in dawo. Garin da na sani shiru ya cika da ganguna da tutoci. Ranar da Ghana ta ci Koriya, Ɗan Zango ya dawo daga filin wasa ba murya, kwana biyu da hannu yake magana.

Wata safiya ina jiran mota ta cika, ina waya da matata, wani mutum da rigar ƙwallon Faransa ya tsaya a bakin ƙofa bai wuce ba. Zai yi shekara arba'in. Da na ajiye wayar ya ce mini ina kwana, da wata irin Hausa mai nauyi. A Faris aka haife shi, amma mahaifiyarsa 'yar Damagaram ce, ita ta hana Hausar fita daga gidan. Makaranta lakwal yake ce mata, kuma yana gaisuwa irin ta tsofaffi, har da tambayar gajiya da iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a kujerar bayana. Da na tambayi sana'arsa sai ya yi dariya ya nuna sitiyarina, ya ce irin tawa ce, bas yake ja a cikin birni.

Ban san abin da ya sa ba na tambaye shi ko ya san kurkukun Bastil. Ya ce kullum ta nan yake bi, sau da yawa a rana, amma ba kurkuku a wurin, fili ne da cunkoson motoci. Na ce na sani, an rushe shi, kuma mutum bakwai aka samu a ciki. Ya leƙo ya dube ni ta madubi. Kafin mu kai tasha na ba shi labarin tattabaru da na ɗakin tanis da na matan kasuwa. Ya ce an koya musu a lakwal amma ya manta fiye da rabi, ina na samo wannan. Na ce akwai wanda ya kamata ya gani.

Ba a shigar da baƙi masaukinmu, don haka muka haɗu ranar Juma'a bayan masallaci a bakin ruwa na Al Wakra, kusa da tsohuwar kasuwa. Ɗan Zango ya yo shinkafa da wake a kula. Malam ya sa farar rigarsa ta salla. Tun a mota na lura yana ta gyara hula. Ya ce mini ya yi shekaru yana zana kurkukun nan a allo, bai taɓa haɗuwa da wanda ya taka shi ba.

Bayan an gaisa an ci abinci, Malam ya fara tambaya, kuma tambayoyin sun fi ƙarfin baƙon. Shi ya san inda fitilar hanya ke daɗewa da inda ake sayar da gasasshiyar kaza ranar kasuwa, amma bai san ta ina ƙofar kurkukun take ba. Sai ya ce bari ya kira yayarsa, ba ta da nisa da wurin. Ta ce a ba ta rabin sa'a. Muka sha shayi muna kallon jiragen katako a kan ruwa, har wayar ta yi ƙara.

Can sanyi ake yi, ta naɗe wuya da mayafi, tana magana tururi na fita daga bakinta. Ta juya wayar. Ga fili, ga motoci, ga wata doguwar hasumiya koriya da mutum-mutumin zinariya a samanta. Baƙon ya ce wannan ita ce ta tunawa da ranar da aka fasa kurkukun. Malam ya ce a yi haƙuri, ba ita ba ce, wannan ta wani boren ce da aka yi bayan shekara arba'in da ɗaya. Baƙon ya yi musu kaɗan, yayar ta matsa kusa ta karanta rubutun da ke jiki, sai ta kama yi wa ƙanen nata dariya, ta ce shekara nawa yana wucewa bai taɓa karantawa ba.

Malam ya roƙe ta ta duba ƙasa, ya ce ya karanta cewa an jera wasu duwatsu daban a kan titi don nuna inda bangon ya tsaya. Ta yi ta yawo tana haska mana takalman mutane. Har mun fara cewa a bari, sai ta tsaya. Ga su nan, layi mai lanƙwasa ya ratsa titi ya hau gefen hanya, mutane suna takawa ba wanda ya kula. Malam ya karɓi wayar da hannu biyu ya kawo ta kusa da fuska. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ashe dai yana nan. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ya tambayi baƙon ko ya san cewa da duwatsun kurkukun aka ƙarasa wata gada a kan kogin. Da ya kwatanta masa ita, mutumin ya riƙe baki, ya ce ai ya sha hawa ta da bas.

Muna shirin sallama yayar ta ce mu dakata, tsohuwarsu tana gida ta samu labarin ana Hausa da ɗanta a ƙasar Larabawa, ta ce sai an haɗa ta. Aka haɗa. Ita ba ruwanta da kurkuku. Ta tambayi garin kowa, ta ce ta taɓa kwana a Gusau a hanyar zuwa biki tun tana budurwa, ta tambayi Malam ko har yanzu ana yin ƙosai a bakin tashar. Ta tambayi abin da muka ba ɗanta ya ci, da aka gaya mata ta ce madalla, dama ya rame. Ta yi masa faɗa a gabanmu don ya zo wurin manya hannu sake. Ita da Malam suka yi ta hira har batirin ya yi ja, ni kuma lokacin komawata aiki ya yi.

Na bar su a nan zaune a kan tabarma, Ɗan Zango yana kankare ƙasan kula yana zuba wa baƙon. Bayan gasar da wata biyu kwantiragin Malam ya ƙare, bai sabunta ba. Yana Gusau yanzu, wata makarantar unguwa ta ɗauke shi yana koyar da tarihi, 'yar tasa kuma tana koyarwa a ajin da ke kusa da nasa. Ɗan Zango ya koma wani kamfani a Umm Salal, muna haɗuwa wata Juma'ar. Direban Faris ya aiko da goro da turare ta hannun wani ɗan'uwansu, ya ce tsohuwa ce ta matsa, a raba uku.